Waƙafin da Na Goge

Zan iya manta sunayen malamaina da lambar ɗakin da na kwana a makaranta, amma ban da ranar rigakafin sanƙarau a wani ƙaramin asibiti da ke Sabon Gari, a ƙasar Zazzau. Ranar ce iyayina ya kusa hana 'ya'yan mutane allura. Har yau idan na ga waƙafi a farkon layi sai gabana ya ɗan faɗi, daga baya kuma in yi murmushi.

Lokacin ina aji uku a jami'a a Samaru, ina karatun kwamfuta, aka tura mu sanin makamar aiki na wata shida. Ƙawayena suka tafi manyan ofisoshi a Kaduna, ni kuwa na samu wuri kusa da gida, asibitin mata da yara na wata ƙungiyar matan coci, ɗaki huɗu da baranda. Iyayena 'yan kudancin Kaduna ne, amma a Sabon Gari aka yanke mini cibiya. Hausa a bakina take tun ina rarrafe, saboda haka na ɗauka babu abin da wani zai koya mini game da mutanen garin.

Mutum biyu ne ke riƙe da asibitin. Akwai Sista, babbar ma'aikaciyar jinya kuma shugabar wurin, mace mai kamar shekara arba'in, ba ta da wasa ko kaɗan. Sai kuma wata tsohuwar ungozoma 'yar asalin Zazzau da kowa ke ce wa Mama. Idanunta sun fara rauni, shi ya sa ta bar ɗakin haihuwa aka ba ta rajista. Mata daga Jushi da Jama'a har Basawa, Musulmi da Kirista, saboda ita suke zuwa, don rabin 'ya'yansu a hannunta suka faɗo duniya.

Abu ɗaya na lura da shi tun makon farko. Mama ba ta kallon Sista, ba ta kuma yi mata magana kai tsaye. Idan tana son wani abu sai ta ce, “A gaya wa mai asibitin audugar ta ƙare,” alhali Sista na tsaye a gefenta. Ita kuma Sista kullum da rana sai ta ajiye mata kular abinci a kan tebur ta wuce ba uffan. Nan da nan na yanke hukunci a raina cewa gaba suke yi, har ina tausaya wa tsohuwar.

Aikina shi ne in kwashe rajistar takarda in mayar cikin wata kwamfuta da aka ba su kyauta, wadda idan ka kunna ta sai ka je ka sha ruwa ka dawo kafin ta farka. Na gina musu fom mai sauƙi: sunan uwa, unguwa, sai wani dogon akwati da za a jera sunayen 'ya'ya, ana raba su da waƙafi. A gefensa na sa ƙaramin akwati da ke nuna adadin yaran da kansa. Dabarar ba wata babba ba ce: na'ura ta ƙirga waƙafi, ta ƙara ɗaya. Suna uku waƙafi biyu ne a tsakaninsu, biyu da ɗaya uku. Ranar da ya yi aiki, kaina ya kusa taɓa silin.

Da na zo koya wa Mama, na ce mu gwada da gidanta. Ta gyara tabarau, ta miƙe yatsa ɗaya tana neman haruffa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Abin da ta fara dannawa waƙafi ne, sannan ta jera sunaye huɗu. Akwatin gefe ya nuna biyar.

“Mama, ba a farawa da waƙafi,” na ce, na miƙa hannu na goge shi. “Kin gani? Yanzu huɗu, daidai.”

Ta jira na janye hannuna, ta lallaba ta mayar da abinta.

“'Yar kwamfuta,” in ji ta, haka take kirana, “ki bar shi dai. Ba ya cin abinci.”

Na yi dariya na bar ta, ina cewa a raina tsufa ne. Da na san abin da na sani yanzu, da na ja kujera na ce ta gaya mini dalili. Amma wanda ke ganin ya iya, tambaya nauyi take masa.

Haka muka ci gaba. Mata na zuwa, Mama na tambayarsu 'ya'yansu, tana bugawa tana karanta kowane suna da ƙarfi don uwar ta ji. Tana yi suna hira, a tambayi miji, a tambayi mai jiki, har a gangaro kan tsadar tumatir. Layi ya yi tsawo ba wadda ke ƙorafi.

Da zafi ya shigo a shekarar, sanƙarau ya ɓulla a wasu unguwanni. Hankalin iyaye ya tashi, don ciwo ne da ke ɗaukar yaro cikin kwana biyu, wanda ya tsira ma wani lokaci ya rasa ji. Aka ce masu rigakafi za su zo asibitinmu rana ɗaya tak, kuma maganin ba shi da yawa, gwargwadon adadin da muka tura za su kawo. Sista ta ce in fitar da jimillar yara, in kuma buga wa kowace uwa 'yar takarda mai sunayen 'ya'yanta da adadinsu.

Da na zauna dubawa sai na ga abin da na kira ɓarna. Gidaje da dama suna uku ne a akwati amma adadi na cewa huɗu, ko suna biyar adadi shida, duk saboda waƙafin nan na Mama da ke tsaye a gaba ba komai kafinsa. Na ce lallai yau zan nuna an yi karatu. Na rubuta ɗan umarni ya bi rajistar kaf ya share duk waƙafin da ba suna a gabansa. Cikin ƙiftawar ido komai ya yi tsaf. Ban ajiye kwafin tsohon ba, ban kuma gaya wa kowa ba, don ba na son in kunyata tsohuwa. Ni a ganina ma alheri na yi mata.

Ranar rigakafi tun da sassafe baranda ta cika har bakin titi. Mai karɓar takardu wani ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, Hausarsa ta kasuwa ce, kuma an ja masa kunne kada ya bar yaron da ba ya cikin takarda ya wuce. Ina tsaye kusa da shi ina jin daɗin ganin takarduna a hannun mutane, sai layi ya zo kan wata mata daga Jushi. Tana da goyo, tana riƙe da yara biyu, a bayanta kuma wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu tana ɗauke da jakar ruwansu.

Ya duba takarda, ya ƙirga kawuna. “Uku ne a nan. Wannan babba fa?”

“Ta gidanmu ce,” in ji matar, murya ƙasa-ƙasa.

“'Yarki ne? Mene ne sunan shi?”

Matar ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Ya sake tambaya, ba ta amsa ba. Sai ya ce to yarinyar ta koma gefe. Ta koma ta tsaya a rana da jakarta, ba ta yi gardama ba. Matar kuwa ta ja ƙananan yaran. Ta matsa gaba taku biyu, ta tsaya, ta kasa shiga ta kasa komawa. Kafin a jima an sake fitar da wani yaro daga layi, sannan wata, sannan wani, kuma duka su ne manyan yaran gidajensu. Iyayen ba mai ɗaga murya, sai gunaguni da kallon ƙasa.

Mama ce ta fito daga ciki tana jan ƙafa. Ta karɓi takardar matar ta kai kusa da hancinta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta juyo ta kalle ni ta saman tabarau.

“'Yar kwamfuta, ina waƙafina?”

Sista ta iso tana tambayar wanda ya shigar da rajistar nan ba daidai ba. Na san da na yi shiru da a kan Mama laifin zai tsaya, ba za ta taɓa tona ni ba. Sai na ce ni ce na goge, na ɗauka kuskure ne.

Mama ta ja ni cikin ofis ta rufe ƙofa. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

“Ke a garin nan aka haife ki, ba ki san kunyan ɗan fari ba?” ta ce. “Matan nan ko za a yanka ta ba za ta kira sunan yarinyan nan a gaban mutane ba, balle ta ce nata ne. Ba ƙi ba ne. Haka ta taras. Ni kuma tana zaune gabana ina karantawa, sai in kira sunan in sa ta nutse? Tun muna takarda nake barin fili a gaba, in an samu sarari a cike. Na'uranki ma ta gane, tana ƙirga su. Ke ce dai ba ki gane ba.”

Na sha jin maganar kunyar ɗan fari, amma a matsayin abin tsokana tsakanin ƙawaye. A gidanmu babarmu sunan yayanmu take kwaɗawa tun daga bakin famfo. Ban taɓa kawowa cewa abin zai biyo ni har cikin kwamfuta ba.

Masu rigakafin suka ce za su iya aika mota ta ƙaro magani, amma sai da takarda mai sunaye da sa hannun Sista, kuma kafin azahar, don da la'asar za su tattara su tafi. Ni kuwa na share duk wata alama da za ta nuna wane gida ne ke da gurbi. Na zauna gaban kwamfuta hawaye na zuba a kan madannai.

“Share fuskanki,” in ji Mama, ta jawo kujera. “Karanto mini iyayen ɗaya bayan ɗaya.”

Na fara karantowa. In na kira sunan mace, sai ta lumshe ido ta ce, “Wannan ba ruwanta, ta faɗi nata duka, wuce.” In na kira wata ta ce, “Sa. Namiji ne, da damina aka haife shi, ya ba mu wuya,” sai ta faɗi sunansa in buga. Wani gidan ta ce, “Akwai, amma tana wajen kakanta a ƙauye.” Wani kuma ta ce, “Allah ya karɓi abinsa, wuce.” Inda ta yi shakka sai ta leƙa taga ta kira wata maƙwabciyar matar, ita kuma ta raɗa mata sunan. Wuta ta ɗauke sau ɗaya, Sista da kanta ta je ta ja janareta. Mun gama ana kiran sallar azahar, yara ashirin da 'yan kai muka mayar.

Motar ta dawo da la'asar saura kaɗan. Yarinyar nan ta Jushi ita aka fara yi wa. Uwarta ba ta kalli wurin ba sam, ta juya baya tana gyara goyon da ba abin da ya same shi. Sai da yarinyar ta fito tana murza hannu, sannan matar ta kwance bakin zaninta ta ciro ƙuli-ƙuli ta miƙa wa ƙaramin ta ce, “Ba wa waccan.” Ina ganin haka na koma ofis na sake wani kukan.

Da jama'a suka watse, na ci gaba da duba rajistar, sai na ci karo da gidan Mama, wanda muka yi gwaji da shi ranar farko. Shi ma sharata ta bi ta kansa, adadi na nuna huɗu.

“Mama, naki fa? Wane suna zan sa a gaba?”

Ta cire tabarau ta hau goge shi da bakin ɗankwali. “Abincin nan zai huce,” ta ce, ta jawo kularta.

Ban san Sista na tsaye a bayana ba sai da hannunta ya wuto ta kafaɗata. Ba ta buga suna ba. Waƙafi ɗaya ta danna a farkon layin, akwatin gefe ya koma biyar.

“Wannan ni ce,” ta ce. “Shekara arba'in da biyu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ki bar ni yadda ta rubuta ni.”

Ranar na fara ganin dariyar Sista. Mama kuwa bango take kallo tana tauna, ta ce a gaya wa mai asibitin gishiri ya yi yawa a miyar.

Mama ta daɗe da rasuwa. Ni kuma na yi shekaru ina wannan aikin, na gina rumbunan bayanai da suka ninka na asibitin nan sau dubu, na kuma koya wa matasa da yawa yadda ake ƙirga abubuwa a cikin akwatin fom. Amma kafin in nuna musu dabarar, sai na gaya musu abin da na koya ranar: idan ka ga babba ya bar gurbi a aikinsa, kada ka yi saurin sharewa, ka je ka tambaye shi tukuna. Wataƙila wanda ya fi ƙauna ne ke zaune a wurin.