Gurbin da Malam Yahuza ya bar mini a littafin tsuntsaye

Da safiyar nan ina kwance a ƙarƙashin motar wani kwastoma a garejina na Ƙofar Doka, sai waya ta yi ƙara. Inna Rabi ce, matar Malam Yahuza. Ko gaisuwata ba ta amsa ba. Ta ce, "Sabo, Malam ɗinka ya cika."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wallahi na daɗe a ƙarƙashin motar nan, sifana a hannu, na kasa fitowa.

Mun kai shi makwancinsa kafin azahar. Yanzu na dawo gida, don haka ku yi haƙuri idan rubutun ya zo a hargitse.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Yahuza mai ɗinkin hannu ne a Unguwar Alƙali, cikin birnin Zariya. Manyan riguna da huluna yake yi, kuma duk wanda ya taɓa sa rigar da ya yi wa adon aska takwas ya san ba yabon banza nake ba. Amma yawancin mutane da "Malam na tsuntsaye" suka san shi, kuma ba don girmamawa aka fara kiransa haka ba. Dattijo mai furfura, mai iyali, a ce ya rataya madubin hangen nesa a wuya ya nufi dutsen Kufena wai zai kalli tsuntsu? Ni kaina ina cikin waɗanda suka fi kowa yi masa dariya.

Ranar da ya fara shigowa garejina, da wata tsohuwar wagon ya zo, wadda ƙofarta ta baya da igiya ake ɗaure ta. Ya ce, "Malam bakanike, so nake ta kai ni Mambila ta dawo da ni."

Na dubi motar, na dube shi. Na ce, "Malam, wannan idan ta kai ka Kwangila ka yi sujadar godiya."

Ya yi murmushi ya ce, "Shi ya sa da kai zan tafi."

Haka kawai fa. Na ce zan raka shi sau ɗaya don in ga ƙarshen wannan rigima. Sau tara muka je.

Tafiyar Malam ba irin ta masu hali ba ce. Ba mu taɓa kwana a otal ba. Tabarma biyu, bargo, risho, tukunya ɗaya, garin kwaki da ƙuli-ƙuli, da dambun naman da Inna Rabi take cika mana gwangwani da shi. Mu bi ta Saminaka mu hau Jos, mu gangara Jalingo, mu wuce Bali da Serti. Kowane gari yana da zauren da za mu sauka, domin ko'ina akwai wanda ya taɓa ɗinka wa hula. Motar kuwa muka sa mata suna Sannu-Sannu. Idan muka fara hawan dutsen nan daga Mayo Selbe, lanƙwasa bayan lanƙwasa, rami a gefe ɗaya dutse a ɗaya gefen, ni ina fama da giya ɗaya ina salati, shi kuma kansa yana waje ta taga yana cewa, "Sabo, ka ji wannan kukan?"

Kukan me zan ji ban da na lagireto?

Amma fa idan kuka ƙarasa sama, subhanallah. Tuddai kore shar har iyakar ganinka, shanu farare da jajaye sun bazu a kai, gajimare yana wucewa ta ƙasan ƙafarka. Sanyi kuwa kamar ka sa hannu a randa da asuba. Karon farko da muka je, ni da na yi taurin kai na ƙi ɗaukar rigar sanyi, Malam ya cire bargonsa ya yafa mini, ya ce shi ya saba. Sai da muka dawo Zariya Inna Rabi ta gaya mini sati biyu ya yi yana tari.

Yana da wata ɗabi'a da take ƙona mini rai a lokacin. Ba ya wuce motar da ta lalace a hanya. Ya tsaya, ya yi sallama, ya ce, "Kada ku damu, ga bakanike na zo muku da shi." Ni in shiga ƙarƙashin motar mutane in yi baƙi ƙirin, shi yana gindin bishiya yana dafa musu shayi. Na ce, "Malam, sadaka kake yi da hannuna." Ya ce, "To ai tare za a rubuta mana."

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne maganar littafinsa.

Malam yana da wani littafi da ya ɗinka wa bangon fata da hannunsa. A ciki yake rubuta duk tsuntsun da ya gani, da ajami: kamanninsa, da wurin, da ranar. A ƙarshen kowane layi kuma akwai gurbi biyu na suna. Kakansa magatakarda ne a kotun alƙali, a gidan ya tashi, kuma ƙa'idar gidan ya ɗauko ya ɗora wa tsuntsaye: ba a karɓar magana sai da shaidu biyu. Ko shi ya ga tsuntsu ƙuru-ƙuru, idan ba wani ya gan shi tare da shi ba, bai shiga lissafi ba. Yakan ce, "Ko jinjirin wata ai ba a karɓa daga bakin mutum ɗaya, balle tsuntsu mai fiffike."

Saboda wannan ƙa'idar babu wanda bai tsayar ba. Akwai sunan wata Bafulatana mai tallan nono a littafin, ita ce shaidar burtu. Akwai wani fasto abokinsa daga Wusasa, shi ne shaidar tsirya a Kufena. Wata rana a wani shingen bincike, wani jami'i ya ga madubin ya haɗe rai, ya ce me muke leƙe da shi. Ni na fara laluben takardun mota. Malam kuwa ya miƙa masa ya ce, "Ranka ya daɗe, duba kan busasshen icen can." Cilakowa ce. Mutumin nan ya manta da layin motocin da ke bayanmu, yana ta cewa, "Kai! Ji baki!" Malam ya zaro alƙalami ya ce, "Sunanka fa?"

Amma sunan da ya fi yawa a littafin nawa ne. Sabo bakanike, Sabo bakanike, shafi bayan shafi. Ni da ban san bambancin hasbiya da kurciya ba, sai ga ni ina gane tsuntsu daga kukansa.

Akwai guda ɗaya da ya daɗe yana nema. A wani kurmi yake zama can saman Mambila, a kwari tsakanin tuddai. Bayansa kore ne, cikinsa ja wur, jelarsa da zane-zane baƙi da fari. Ba ya yawan motsi, sai ya zauna shiru a reshe ka wuce ta ƙasansa ba ka sani ba. Sunansa na littafin Turawa ya ƙi zama a bakin Malam, sai ya raɗa masa Mai Jar Falmaran.

A tafiyarmu ta bakwai, bayan sallar asuba, muka gangara kurmin mu biyu. Kafin mu shiga ya ce, "Sabo, ka kashe waya." Na ce na kashe. Ban kashe ba. Na ga ai da wuya a samu netiwok a dajin nan, in ma an samu ina jiran kiran wani kwastoma.

Muka daɗe a tsugune, raɓa ta jiƙa mana wando. Can sai na ji Malam ya damƙe hannuna. Na dube shi, madubin yana idonsa, leɓensa yana motsi, hawaye yana gangara cikin gemunsa. Ya sauke madubin a hankali ya miƙo mini, ya nuna reshen da haɓarsa.

Ina kai madubin ido wayar nan ta ɗauki ruri.

Reshe na gani yana lilo. Shi ke nan.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na jira faɗa, bai yi ba. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Ya zauna a kan wani kututture, ya buɗe littafin, ya rubuta kamannin tsuntsun da wurin da ranar, ya sa sunansa a gurbin farko, ya bar na biyu fari. Ya ce, "Amsa wayarka mana, ƙila mutumin yana cikin matsala."

Mun koma sau biyu, ba mu gan shi ba. Daga nan idon Malam ya fara ba shi wahala, shekarun zare da allura suka nemi haƙƙinsu, gwiwa ma ta ce ba ta yarda ba. Sannu-Sannu ta koma bayan garejina ta zauna, kaji suna ƙwai a kujerar baya.

Duk tsawon shekarun nan bai taɓa goranta mini ba, ko da wasa. Ni ne abin yake ci. Mutum ya yi shekaru yana neman abu, Allah ya nuna masa, ni kuma na hana abin shiga lissafi saboda ƙaryar da na yi a kan waya.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaishe shi bayan la'asar. Yana zaure a kan buzunsa, ya sa an zuba ruwa a kaskon da yake ajiye wa tsuntsaye a kan katanga, yana sauraronsu tunda ganin ya yi rauni. Na ga ya rame, na ji tsoro. Na ce, "Malam, kawo littafin nan in sa sunana kawai. Ai na ga reshen yana motsi. Kamar ma na ga wani abu ja-ja."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Sabo, ja-ja ba shaida ba ce."

Na ce, "Malam, don Allah. Ba na so layin nan ya zauna haka saboda ni."

Ya laluba ya kama hannuna, daidai inda ya kama a kurmin. Ya ce, "Kai har yanzu ba ka gane ba. Ni ai na gan shi. Babu abin da rubutu zai ƙara mini. Kai ne ba ka gan shi ba, kuma kai nake so ka gan shi. Na tsare maka gurbin nan ne, ba don ka cika shi da ƙarya ba."

Sai ya ce in gyara motar, bayan damina za mu koma, ni in duba, shi kuma ya saurara.

Na ce to. Ban san sallama muke yi ba.

Sai yau, a hanyar dawowa daga maƙabarta, na gane abin da ƙa'idar nan take nufi. Na ɗauka taurin kan jikan magatakarda ne. Ashe mutum ne da ba ya iya jin daɗin abu mai kyau shi kaɗai, sai ya jawo wani ya ce zo ka gani.

Da muka koma gidan, Inna Rabi ta aiko a kira ni bakin ƙofar tsakar gida. Ta miƙo mini littafin da madubin a ƙunshe cikin wani ƙyalle. Ta ce, "Tun watan jiya ya ce idan ta Allah ta kasance a ba ka. Ya ce ka san aikin da ya rage."

Na sani, Inna.

Gobe in Allah ya kai mu zan kori kajin nan in buɗe bonet. Bayan damina zan hau Mambila, wayata kuma a Zariya zan bar ta. Idan Allah ya nuna mini Mai Jar Falmaran, in rubuta sunana kusa da na Malam. Idan bai nuna mini ba, gurbin zai zauna fari yadda ya bar shi, in sake komawa.

Amma akwai shaidar da zan iya bayarwa yau, don wannan da idona na gani, ba reshe ba ne yana lilo. Na yi tafiya da Malam Yahuza, na ci abinci da shi a tukunya ɗaya, na gan shi cikin gajiya da yunwa da lalacewar mota a tsakiyar daji. Ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, ban taɓa ganin ya wulaƙanta ɗan Adam ba, ban taɓa ganin sallah ta wuce shi don yana kan hanya ba. Na shaida mutumin kirki ne.

Ya Allah ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka masa shi. Ka mayar masa da ganinsa fiye da na da, ka saukar da shi a lambunan Aljanna inda babu wanda zai kore masa abin da yake kallo. Ka ba Inna Rabi da 'ya'yansa da mu duka haƙurin rashinsa. Idan tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Jama'a, ni ɗaya ne, kuma kun ji ƙa'idar Malam: bakin mutum ɗaya ba ya isa. Duk wanda ya taɓa sa hularsa, ko ya sha shayinsa a gefen hanya, ko aka taɓa miƙa masa madubin nan aka ce duba can, don Allah ya rubuta tasa shaidar a ƙasa. Wanda bai san shi ba kuma, ya taimaka masa da addu'a.