Shekara Bakwai Ba Baba Tanko, Mai Duba Cikin Kifi

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Baba Tanko makwancinsa a nan Riyad, garin da babu kogi. Mutumin Yawuri ne, masunci ɗan masunci. Ni kuwa direba ne, haifaffen cikin birnin Kano, wanda bai taɓa riƙe ƙugiya ba. Ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Shumaisi shekara huɗu, ya girme ni da kusan shekara ashirin, kuma har ya bar duniya bai daina ce mini "ɗan birni" ba.

Aikinsa gyaran kifi ne a wani shago da ke bayan unguwarmu. Mai saye ya zaɓa, a auna, a miƙa masa, ya kankare ɓawo, ya feɗe, ya wanke. Sauran masu gyara kwashe kayan ciki suke yi su watsa a bokiti. Shi kuwa sai ya tsaga tumbin da bakin wuƙa, ya baje abin da ke ciki a tafin hannunsa, ya tsaya yana kallo. Mudir ɗin shagon, wato mai kula da ma'aikata, ya sha daka masa tsawa: "Yalla, ya Tanko!" Sau biyu ana cewa za a kai ƙararsa wurin kafil, mutumin da takardar zamansa ke hannunsa. Na taɓa ce masa, "Baba, wannan kallon zai raba ka da aikinka."

Ya ce, "Ɗan birni, shekara goma ban ga ruwa mai tafiya ba. Nan kaɗai nake ganin sa."

Daga baya na gane abin da yake nufi. Idan ya ga 'yan ƙananan jatan lande a cikin kifi, ya san a kan rairayi ya yi kiwo. Idan ya ga ɓarɓashin katantanwa, ya san kifin ƙasa ne, mai bin duwatsu. Ya ce mahaifinsa ba ya ɗaura wa ƙugiya komai da safe sai ya feɗe kifin farko da taru ya kamo, ya ga abin da kogi ke ciyar da 'ya'yansa a ranar. Farkon damina gina ce, idan ruwa ya hau gonaki tana ce da fara, idan ya janye sai ƙananan kifaye. Wanda ya kawo abin da shi yake ganin ya dace, ba abin da kifi ke ci ba, rana ce kawai zai sha.

Wata ranar Alhamis na biya shagon don mu koma gida tare, na tarar da shi da wani dattijo siriri mai farin gemu, suna tsaye a kan wani kifi. Ban taɓa ganin irin sa ba: jikinsa ɗigo-ɗigo, ga wani layi mai ruwan hoda daga kunne har wutsiya. Dattijon tela ne a kasuwar Dira, mutumin Kashmir, sunansa Gulam. Da ɗan Larabcin kasuwa suke magana, sauran kuma da hannu.

Gulam ya nuna kifin ya ce, "Tiraut."

Baba Tanko ya ce, "Tarwada? Wannan ba tarwada ba ce, ba ta da gashin baki."

Sai da muka yi dariya kafin muka fahimci sunan kifin ke nan. Gulam ya ce a ƙasarsu yana zaune cikin ƙoramu masu sanyi da ke gangarowa daga ƙanƙarar duwatsu. Baba Tanko ya feɗe shi, ya tsaga tumbin, sai ga wani abu kamar dusa da aka jiƙa. Ya shinshina, ya girgiza kai. Ya ce wannan bai taɓa neman abinci da kansa ba, a tafki aka yi kiwonsa. Gulam ya dafa ƙirji, ya ce gaskiya ne, na ƙoramarsu ba haka cikinsa yake ba.

Mako na zagayowa Gulam ya zo ɗakinmu da wani ƙaramin gwangwani. Da ya buɗe sai na ja da baya, na ɗauka ƙwari ne. Ƙugiyoyi ne ƙanana da aka naɗe da zare da gashin kaza, wani kamar fara, wani kamar sauro, wani kamar tsutsa. Ya jera su a kan darduma yana bayani. Ya ce yawancin abincin kifin nan a ƙarƙashin ruwa yake, 'ya'yan ƙwari da ke manne a gindin duwatsu. Idan suka yi fiffike suka taso, sai kifin ya biyo su sama. Da zafi ya yi, iska na kaɗo fara daga ciyawa, yana jiran ta a bakin gaɓa. Wanda ya ƙasaita kuwa 'yan uwansa ƙanana yake haɗiyewa. Don haka mai kamu yakan ɗaga dutse ya duba ƙarƙashinsa, ya buɗe kifin farko, sannan ya zaɓi ƙugiyar da ta yi kama da abin da ya gani.

Baba Tanko ya sunkuya a kan dardumar. Ya ɗauki mai kama da fara ya ɗora a yatsa. Can ya ce da Hausa, kamar da kansa yake magana, "Ashe har can ma haka ake yi."

Su biyun suka matsa mini sai na kai su ruwa. Akwai wani kwari a kudancin gari inda ruwan da aka tace yake gudana tsakanin duwatsu da dogayen ciyayi. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na roƙi maigidana mota, na ɗauke su. Har yau idan na rufe ido ina ganin ranar. Hasken yamma ya kwanta a kan ruwan, balbelu na tsaye a gefe, iska na kaɗa ciyawa. Baba Tanko ya cire takalmi ya shiga har idon sawu, ya tsaya cak, idonsa a rufe. Na koma gefe na zauna.

Gulam ya yi ta jefa ƙwarinsa na gashin kaza, ko motsi babu. Baba Tanko ya sa ɗan burodi a ƙugiya, bayan dogon jira ya ciro wata ƙaramar karfasa. Suka haɗa kai a kanta kamar likitoci. A cikinta akwai gansakuka da wasu 'yan jajayen tsutsotsi sirara. Gulam ya laluba aljihun aikinsa ya ciro jan zare, ya naɗe ƙugiya tsirara da shi, ya miƙa wa Baba Tanko. A jifa na uku igiya ta miƙe. Dattijai biyu masu furfura suka riƙa ihu, ɗaya da Hausa, ɗaya da harshen da ban sani ba. Biyar suka kama, duk suka mayar da su ruwa, don ba mai son cin kifin wannan ruwan.

A hanyar dawowa Baba Tanko ya ce, "Ɗan birni, za ka sake kawo ni."

Na ce, "In sha Allahu, Baba, Juma'a mai zuwa."

Ban sake kai shi ba. Wata Juma'ar maigida na da baƙi, wata an aike ni filin jirgi, wata kuma gajiya ce kawai, na kwanta na ce akwai lokaci. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Ya riga ya yanke cewa idan iƙamarsa, wato takardar zamansa, ta ƙare ba zai sabunta ba, zai koma Yawuri daidai lokacin da kogi ke cika, ya sayi jirgin kwale-kwale, ya zauna kusa da 'yarsa Hauwa. Saura wata uku ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki da hantsi. Kwana biyu ya yi a asibiti. A rana ta biyu ya tambaye ni ko an yi ruwan farko a gida. Na kira Hauwa, ta ce an yi shekaranjiya. Ya yi murmushi ya ce, "To gina ta fito." Kafin la'asar ya cika.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Bara da na je hutu na ga yadda ake kiwon tarwada a cikin tamfol a bayan gidaje, abincinta a buhu, kowane kifi cikinsa iri ɗaya. Ina jin ba zai kushe ba, don ya san yunwa, kuma ya san mutane na samun na cefane. Amma zai tsaga tumbi ɗaya, ya kalla, ya girgiza kai. A nan ma kwarin da muka je ya cika da iyalai da motoci, matasa na zuwa da sandunan kamu masu tsada, suna koyon jifa a waya. Na tabbata da zai zauna kusa da ɗayansu, ya bar shi ya gaji, sannan ya tambaye shi a hankali ko ya duba abin da kifin ke ci.

Bai bar gida ba, bai bar jirgi ba. Kabarinsa kamar sauran na nan ne, ba suna, yanzu ko layin ba zan iya nunawa ba. Abin da na san ya rage shi ne mutanen da suka zauna da shi. Hauwa ta sa wa ɗanta na uku sunansa. Ni na daina ce wa dattijo "Juma'a mai zuwa".

Gulam ya koma ƙasarsu shekara biyu da suka wuce. Watan jiya ina kasuwar Aziziya da tsakar rana, na je sayo wa gidan maigida kankana, rana kamar za ta narka kwalta, sai wayata ta yi ƙara. Shi ne. Bayan gaisuwa ya ce, "Isma, ya Sani," wato in saurara. Sai muryarsa ta ɓace, na ji wani sauti mai sanyi, ruwa na gudu a kan duwatsu. Ya kai wayar bakin ƙoramarsu ne. Na jingina da mota, 'yan dako na ture ni da amalankensu, na tsaya ina ji. Ya daɗe kafin ya dawo da wayar kunnensa.

Ya ce, "Wannan na Tanko ne."

Allah Ya jiƙan Baba Tanko, Ya shayar da shi daga ƙoramun Aljanna.