Ragon da Ya San Ƙarar Wuƙa

Maigidana mahauci ne a kwatar Oko-Oba, kuma in ka bar shi ya fara ba da labarin shanun da ya kayar, sai tuwonka ya huce. Ni haifaffiyar Agege ce, shi kuwa daga wani ƙauyen Kano ya zo, don haka kullum yana yi mini gorin cewa 'yan Ikko ba mu san dabba ba sai a cikin miya.

A shekarar da sojoji suka koma bariki, ya ce shi ma ya gaji da yanka wa mutane layya ya dawo gida da ɗan kason da aka tsakura masa. Wata huɗu kafin Babbar Sallah ya shigo da wani rago ramamme, duk haƙarƙari a waje. Wannan ce layyarsa ta farko da za a yi da sunansa, kuma sai da ya tabbatar kowa a gidan hayarmu ya ji.

"Ke za ki yi kiwonsa," ya ce, "ki koyi abin da iyayenki ba su koya miki ba."

Muka ɗaure shi a lungun kicin. Maigidan yana da al'ada: in ya dawo daga sallar asuba, sai ya zauna a bakin ƙofa ya wasa wuƙaƙensa kafin ya fita neman motar danfo. Ni kuma ba mai son tashi da wuri ba ce, wannan ƙyas-ƙyas ɗin ne ke hana ni komawa barci. Sai in miƙe ina mita, in dama dusa da ɓawon doya, in kai wa rago. Haka muka yi ta yi kowace safiya, ba wanda ya shirya hakan.

Da farko sai ragon ya ga kwano yake miƙewa. Bayan 'yan makonni, wuƙa na taɓa dutse zai fara kuka yana kaɗa jela, yawu na zuba, alhali ko ruwa ban zuba a dusar ba. Iya mai gidan hayarmu, wata tsohuwar Bayarabiya da ba abin da ke wuce idonta, ita ta fara lura.

"Iyawo, wannan rago naki ba shi da kai o," ta ce da ni, don Iyawo take kirana, wato amarya da Yarabanci. "Ya ji wuƙa yana murna!"

Muka yi dariya har da riƙe ciki. Na koma ina tsokanarsa: in goga cokali a bakin turmi da rana tsaka, ya zabura yana neman kwano. Maigidan ya fi kowa jin daɗi. Kafin ya fita sai ya je ya sosa masa tsakanin ƙaho, yana cewa, "Ci, oga, ci ka yi kitse."

Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi, maza suka taru a tsakar gida, don shi zai yanka wa kowa, zai kuma fara da nasa. Mahaucin kirki ba ya wasa wuƙa a gaban dabbar da zai yanka, maigidana kuma ba ya wasa da wannan ƙa'ida. Ya ɗauki dutsensa ya zagaya can bayan gida wajen rijiya, inda ragon ba zai gan shi ba.

Ido ya ɓoye wa, ya manta da kunne. Ragon na jin ƙyas ya fizge igiya daga hannun maƙwabcinmu, ya ture bokitin Iya, ya bi lungu a guje. Muka bi shi ni da Iya, tana ihu da Yarabanci. Muka tarar da shi a gaban maigidan yana kaɗa jela, ya cusa baki a tafin hannunsa yana lasa.

Iya ta fara dariya, sai ta ga fuskar maigidan ta daina. Ni kuwa kunya da tausayi suka rufe ni, don na san hannuna ne ya koya wa ragon wannan.

"Malam," na ce a hankali, "ko a ba wani ya yanka?"

Ya ajiye wuƙar. Maza na can suna jira, shi da ya cika gari da baki.

"Damo masa dusa," ya ce. "Ni na kira shi. Ba zan yi masa ƙarya ba."

Na dama na kawo. Ya tsuguna da babbar rigarsa ta Sallah, ya riƙe kwanon har ragon ya lashe tas. Sannan ya ja shi da kansa zuwa tsakar gida, ya yi bisimilla, ya gama a bugu ɗaya. Ya bi ragunan maƙwabta ya yanka.

Da la'asar na soya hanta da ƙoda, na barbaɗa yaji, na ajiye masa. Ya buɗe kwanon, ya mayar da murfi.

"Akwai garin kwaki?" ya ce.

Ban tsokane shi ba, ko da yake bakina na ƙaiƙayi. Na jiƙa masa da ruwan sanyi, na zauna kusa da shi har ya shanye.