Ranar da na ce a ɗora mini

Salama gare ku 'yan uwa. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ko na sayar da wayar ne, tana nan. Bayana ne ya kwantar da ni.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Lawal. Shekara goma sha huɗu ina dako a kasuwar hatsi a Funtuwa. A sana'armu mutum biyu ne ke kama buhu su ɗora wa na uku. Ni ban taɓa yarda da haka ba. Ni kaɗai nake cicciɓar buhun masara daga ƙasa, in tokare shi da gwiwa, in haye da shi kafaɗa. Har suna aka sa mini, Ba-a-ɗora-maka. In an kira ni da shi, kaina har wani kumbura yake yi.

Da kakar bara muna lodin masarar da aka kawo daga Bakori, na sunkuya na ɗaga, sai na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Na ƙarasa da buhun cikin mota don kada a gane.

Kwana tara ina shan ƙwayar kemis ina fita aiki. Rana ta goma ko alwala kasa sunkuyawa na yi.

Aka kira wanzami ya yi mini ƙaho. Aka kai ni wajen mai ɗori, ya shafa, ya ce ba karaya. Duk wanda ya zo dubiya magana ɗaya ce, "Kwanta ka huta." Na bi shawara sosai, wata biyu ina kan tabarma kamar buhun da mai shi ya manta.

Ciwon bai tafi ba, gangarowa ya yi ƙafar hagu har yatsu. Ranar da na taka ƙasa na ji tafin ƙafar kamar ba nawa ba, na ji tsoro ƙwarai. Na zaci shanyewa ce.

Baba Idi, shugaban rumfarmu, ya zo gida. Ya ce, "Lawali, mutane na jiran gurbinka, ka sani. Zan riƙe maka har motocin taki su fara shigowa. Daga nan kuma bakina ba zai kai ba."

Ba ni da gona, ba ni da wata sana'a. Gurbin nan shi ne tuwon gidana.

Matata Hajara ce ta yanke maganar. "Baban Ummi, gobe asibiti. In ba ka iya hawa mashin, a baro zan sa a tura ka." Kuɗin kati da hoto da magani suka cinye tunkiyar da take kiwo.

Likita ya sa na kwanta, ya ɗaga ƙafar, na yi ƙara. Ya tambaya ko fitsari yana kufce mini, na ce a'a. Ya ce wani faifai ne tsakanin ƙasusuwan baya ya turo yana danne jijiya, kuma ba sai an yi aiki ba tukuna. Ya tura ni sashen gashin ƙashi.

Can na haɗu da Malam Nura, mai gashin ƙashin. Na ba shi labarin kwanciyata ta wata biyu ina jiran yabo. Ya ce, "Kwanciyar nan ta ƙara maka ciwo. Daga yau tafiya za ka riƙa yi."

Sau biyu a mako nake zuwa, Litinin da Alhamis. A gasa bayan, a miƙe ƙafar, in kwanta in ɗaga ƙugu kamar jariri. Tafiyar kuwa daga ƙofar gida zuwa masallaci na fara, a hankali har na kai bakin titi.

Bai tsaya nan ba. Ya tambaye ni yadda muke aiki dalla-dalla, ya rubuta takarda ya ce in kai wa Baba Idi. Mako uku na farko ɗinkin bakin buhu kawai, a kan kujera, ina tashi ina zagayawa. Sai turin baro. Sai buhun taki, tunda rabin na masara ne.

A ƙasan takardar ya ja layi, kada in sake ɗaga buhu daga ƙasa ni kaɗai.

Wallahi wannan layin ya fi gashin zafi.

Ranar da motar taki ta farko ta tsaya, Baba Idi ya kira sunana a layi. Na je gaban buhun na tsaya. Ƙaramin buhu, wanda da hannu ɗaya nake jansa a da. Kowa a rumfa na kallo. Hannuna har ya fara miƙewa da kansa.

Na tuna tabarmar nan, na tuna tunkiyar Hajara. Na ce, "Jama'a, a ɗora mini."

Ba wanda ya yi dariya. Baba Idi da furfurarsa ya taso ya kama kunnen buhun ɗaya, ya yafito abokin aikina Sani. Ya ce, "Shekara goma sha huɗu ina jiran kalmar nan. Kama can, Sani."

Buhu ashirin na sauke ranar. Na koma gida da ƙafata, na yi sallar la'asar da sujada.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa Hajara, da Malam Nura, da Baba Idi, da ku masu addu'a.

'Yan uwana masu aikin ƙarfi, in baya ya riƙe, kada ku danne shi da ƙwaya ku ci gaba. In ciwon ya sauka ƙafa, ku je asibiti. In ƙafar ta mutu ko fitsari ya fara kufcewa, ranar za ku je, ba gobe ba. Kada ku daɗe a kwance. In za ku koma aiki, ku fara da mai sauƙi, ku kuma lanƙwasa gwiwa kafin ku ɗaga.

Sunan nan na Ba-a-ɗora-maka har yau suna kirana da shi don tsokana. Ina amsawa, sannan in juya baya su ɗora mini.