Baƙon Shita

Mutanen da suka zo daga Kano kan yi mana dariya idan muka ce ana sanyi a Jidda. Su yi ta yi. Wanda ya tashi a unguwar Karantina ya san yadda shita, wato lokacin sanyinmu, take: ruwa ya sauka ya kwanta a lungu ya ƙi tafiya, iskar teku ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa da danshinta, gari ya yi duhu tun mutum bai gama da la'asar ba. Sanyin bai kai a sa rigar ulu ba, amma yana kashe jiki, ya sa mutum tunanin waɗanda ba sa nan.

Kakarmu, mahaifiyar Umma, muna kiranta Habboba, yadda 'yan Sudan ke kiran kaka, don a can ta girma kafin su haye teku ita da kakanmu. A cikin shita ya rasu. Duk shekara idan lokacin ya zagayo sai maganarta ta ragu, har ranar da za mu dawo daga makaranta mu tarar ta sauke jerenta gaba ɗaya. Kwanukan tasa da na tangaran da ke cikin kabad duk suna kan tabarma, ita kuma tana zaune a tsakiya da tsumma. Ranar babu mai fita wasa. Bayan magariba za ta hura gawayi a kasko, ta ɗora jabana, 'yar butar dafa gahawa, ƙamshin gahawa da citta ya cika ɗakin, ta miƙa wa kowa kwano da tsumma. Ba a sauraron tatsuniyarta da hannu sake.

"Ga ta nan tafe daga Sudan, ta gaji," in ji ta, tana nufin tatsuniyar.

Mu kuma mu ce ta shigo, ahlan wa sahlan.

Wadda ta fi yi mana ita ce ta wata mata da mijinta ya mutu. Da sanyi ya shigo sai wani baƙo ya yi mata sallama, bai faɗi sunansa ba. Ta ba shi ruwa, ya sha, ya je ya zauna a kan turminta. Kunya ta hana ta tashe shi, ta haƙura da daka. Washegari ta same shi a kan tukunya, ta haƙura da girki. Duk abin da ta bari ba ta taɓa ba sai ya haye, kullum yana ƙara girma, ita kuma tana ramewa, har ya cika ɗakin ya bar mata wurin kwanciya kaɗai. Wata tsohuwa maƙwabciyarta ta leƙo ta ga halin da take ciki, ta ce kada ta kore shi, ba ya koruwa. Ta dai ce masa gafara, ta ɗaga abin da yake kai ta goge.

Nan Habboba kan ɗaga kwano sama ta ce, "Gafara dai, baƙo." Ta goge, ta kife, ta ɗauki wani. Haka matar ta yi ta bin kayanta ɗaya bayan ɗaya, baƙo yana matsawa yana ƙanƙancewa, har ya koma bayan ƙofa bai fi ɗan kyanwa ba.

Ni dai ƙarshen bai taɓa gamsar da ni ba. Na taɓa tambayarta me ya sa matar ba ta sa tsintsiya ta fitar da shi ba tunda ya zama ƙarami. Ta kife kwanon da ke hannunta ta ce:

"Ke Safiya, wanda ya rasa nasa, baƙon nan nasa ne har ya mutu. Wurin zama kawai ake rage masa."

Ban gane ba, na ci gaba da goge kwanona.

Habboba ta rasu da daɗewa kafin hadad, rusau ɗin da ya kwashe Karantina. Yayana Usman ya samo wa Umma gida a Khumra, kusa da ma'ajiyar kayan da yake tuƙa wa mota. Gidan ba laifi. Amma shita ta shigo ta same ta zaune a tsakanin kwalaye, ko ɗaya ba ta buɗe ba. Abinci sai an yi da gaske take kai loma biyu. Idan na yi magana ta ce ba a baje kaya a masauki. Na ga wuyan hannunta ya zama kamar na yarinya, tsoro ya kama ni ƙwarai, don na san haka ake tafiya a hankali.

Usman ya ce zai kawo ma'aikata su jera komai a yini ɗaya, halas. Na roƙe shi ya bari.

Wata Juma'a da hantsi na jawo kwalin kwanukan Habboba gabanta na fara jere a kabad. Da gangan na ɗora babba a kan ƙarami, na raba tasa da murfinta, na cusa tangaran cikin na ƙarfe. Ina jin idonta a bayana. Ta yi tsaki, na yi kamar ban ji ba. Da na kife farantin fure a ƙasan kabad sai na ji ta dafa bango ta miƙe.

"Wa ya koya miki wannan ɓarna? Gafara nan."

Na matsa. Ta sauke duk abin da na jera, ta ciro tsumma ta fara daga farko. Wajen kwano na uku ta fashe da kukan da ba ta yi ba ranar da motar rusau ta shiga lungunmu. Ban rarrashe ta ba, kwano kawai nake miƙa mata.

Sai a ranar na san Habboba ba mu take yi wa tatsuniyar ba. Kanta take lallaɓawa ta kai ƙarshen shita, mu kuma muna taya ta ba mu sani ba.

Ba zan ce Umma ta warke ba. Har yanzu takan yi shiru idan an ambaci Karantina. Amma a ranar da la'asar ta ci shinkafa, ta tsaya tana duban bangon falon da babu komai a jikinsa, sannan ta ce da ni ba tare da ta juyo ba:

"Ki ce wa Usman gobe ya zo da ƙusa."