Rantsuwar Kyaftin Habu

Ana sallame sallar asuba ranar Asabar muka ɗauki hanyar Gwarzo, mu uku a cikin fijo ɗina, kuma tun daga ƙofar gida na san tafiyar nan sai haƙuri. Mutum biyun da na ɗauko ba sa ga maciji da juna. Kowannensu ya kafe shi zai zauna gaba, har na gaji na ɗora jarkar mai a kujerar na ce duk su koma baya. Suka shiga, kowa ya manne da tasa ƙofar.

Ga wanda bai san abin da ya fito da mu ba, ni mataimakin matuƙin jirgin sama ne, kuma ƙungiyarmu ta matuƙa ta rabe gida biyu. Tun da shugabanmu, Kyaftin Habu, ya yi fushi ya ajiye muƙami ya koma ƙauyensu, manyan da ke kai jirage ƙasashen waje suka yi zaɓensu, matasa masu zirga-zirgar cikin gida su ma suka yi nasu. Shugabannin biyu su ne a bayan motata, zan kira su babban da ƙaramin. Abin da muke nema wajen kamfani ba wani mai yawa ba ne: a rubuta a yarjejeniya cewa lokacin jigilar alhazai ba za a sauko da matuƙi daga Jidda a sake juya shi bai yi barci ba. Da muka yi barazanar ajiye aiki sai aka dakatar da wasunmu, har da ni. Manajoji suka ce su ba su ma san da wa za su yi magana ba. Ko mu zo musu da shugaba ɗaya ranar Litinin, ko dakatarwar ta zama kora. Ni kuwa ina da iyali, kuma ban da tuƙin jirgi ko tireda ban iya tsarewa ba. Mutum ɗaya ne duka ɓangarorin suka yarda su bi, shi ma yana can wajen garin Fulatan, a ƙasar Rogo, yana noman gyaɗa.

Ruwan farko ya sauka a satin, ƙasa ta yi duhu, ko'ina ka duba mutane ne a sunkuye suna shuka. Da muka bar titin Gwarzo muka karya kudu sai hanya ta fara nuna mana halinta. Ramukan sun cika da ruwa, ba ka sanin zurfin rami sai ka ji ƙashin bayanka ya amsa. Can sai hadari ya ɗan taso daga gabas. Matuƙi ba ya iya ganin gajimare ya yi shiru. Babban ya leƙa ya ce kafin azahar za a sheƙa ruwa. Ƙaramin ya leƙa ta nasa gefen ya ce iska ce kawai, za ta wuce. Maganar farko ke nan da ta haɗa su a wata biyu, ita ma musu ce.

A Karaye muka tsaya karin kumallo, wajen wata dattijuwa mai waina a bakin tasha. Waina ce mai laushi, da miyar taushe da man gyaɗa na gaske, kuɗinta bai kai rabin na Kano ba. Babban ya fara da cewa shi ba ya cin abincin bakin hanya, cikinsa ya saba da na otal. Na ƙyale shi. Da muka tashi, faranti biyu ne a gabansa, har yana tambayar matar ko tana yi kullum. Mangwaro kuwa kamar kyauta, tuli-tuli a faifai, masu sayarwa na roƙonka ka ƙara. Garin a natse yake, mutanensa ba sa gaggawa, gaisuwa ɗaya sai ta kai ka shan kofin shayi.

Muka isa Rogo da hantsi muka tarar kasuwa ta fara cika. Buhunan dawa da masara, irin gyaɗa ana aunawa, ƙuli-ƙuli mai zafi, ga masu gyaran garma suna ta buge-buge. Muna ambaton Kyaftin sai aka yi caa, ashe a nan ba a san shi da wannan suna ba, Habu Mai Jirgi ake ce masa. Aka shaida mana cewa ruwa ya cinye hanyar ƙauyensu, mota ba za ta shiga ba, sai dai acaɓa. Na bar fijo a gaban shagon wani mai faci muka hau babura uku. Abin da na gani a hanyar nan ba zan manta da shi ba: babban, mutumin da ke ratsa teku da ɗaruruwan rayuka a bayansa, ya ƙanƙame ɗan acaɓa ta ƙugu, ido a rufe, yana salati da ƙarfi duk lokacin da muka shiga taɓo.

A gona muka same shi, da wata tsohuwar riga da malafa, ya yi baƙi ya rame, amma fuskarsa ta fi yadda na san ta kwanciya. A nan muka tafka kuskure irin namu. Mu mutane ne da aka horar mu faɗi magana a gajarce, kamar muna kiran hasumiyar filin jirgi ta rediyo: ga ni, ga inda nake, ga abin da nake so. Sallama kawai muka yi, babban ya zayyana masa batun Litinin, ƙaramin ya katse shi ya zayyana nasa, kafin ka ce me sun fara nuna wa juna yatsa a tsakiyar kunyar gyaɗa. Kyaftin ya jingina da fartanyarsa yana kallonsu har suka gaji.

"Sannunku da zuwa," in ji shi. "Ya hanya? Ya iyali? Tun da ku ba ku tambaya ba, mu lafiya ƙalau muke."

Kunya ta rufe ni. Sannan Kyaftin ya ce ba taurin kai yake yi ba. Ranar da aka zage shi a taro ya rantse da Allah a gaban kowa cewa ba zai ƙara shugabantar ƙungiyar nan ba, kuma shi ba yaro ba ne da zai mai da rantsuwa abin wasa. Ya ce mu je gida mu ci abinci mu kama hanya tun da rana. Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa. Gaskiya a lokacin na fara tunanin yadda zan shiga gida in dubi matata.

Wansa, wanda shi ne mai unguwar wurin, ya sauke mu a zaure, aka kawo fura mai sanyi da dambu. Ya saurare mu tsaf, ya yi murmushi ya ce, "Ku 'yan birni, kun zo biko kun wuce iyaye kun tafi gona? Kun gaida Inna?" Ba mu ma san tana raye ba.

Tsohuwa ce ƙarama, tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Wannan karon muka durƙusa muka yi gaisuwa yadda ake yi, har da tambayar awaki. Mai unguwa ya ce kada shugabannin su buɗe baki, ni zan yi bayani. Na faɗa mata komai, har da cewa in Litinin ta wuce a haka, gidaje da yawa tukunya za ta daina hawa murhu, nawa na ciki. Abin da ya fi tsaya mata a rai daban ne.

"Wato mai jan jirgin alhazan bai yi barci ba ake sa shi ya tashi da mutane?"

Na ce haka ne, Inna.

"Ikon Allah. Maƙwabciyata bana za ta sauke farali. Ku kira min Habu, ku biya ku taho da Liman."

Kyaftin ya zo ya cire malafa ya tsuguna gaban mahaifiyarsa kamar ɗan makaranta. Liman ya yi bayani a hankali, cewa wanda ya rantse zai bar wani abu, daga baya ya ga yin sa ya fi alheri, to ya yi, ya yi kaffara: ya ciyar da miskinai goma. Sai ya tambaye shi sau nawa ya rantse. Kyaftin ya sosa ƙeya ya ce tun da ya dawo, duk ranar da ya tuna da mutanen nan biyu sai ya maimaita. Dariya ta ƙwace wa kowa, har su biyun. Liman ya ce tun da a kan abu ɗaya ne, kaffara ɗaya ta wadatar. Inna ta ce, "To ka ji. Ba don su ba, don mutanen da ke bayanku a jirgin. Tashi ka buɗe rumbu."

Bai musa mata ba, amma ya juyo kanmu da sharaɗi. A cikin jirgi akwai wata ƙa'ida da kowane matuƙi ya sani: mutum biyu ba sa tuƙi lokaci ɗaya, kuma ba a miƙa jirgi da ido ko da kai. Sai mai bayarwa ya faɗa da baki, mai karɓa ya amsa da baki, sannan wancan ya ɗauke hannunsa. Kyaftin ya ce haka yake so a yi masa, a nan, gaban Inna da Liman. Ƙaramin ne ya fara, muryarsa ƙasa-ƙasa: "Jirgi na hannunka, Kyaftin." Babban ya sunkuyar da kai, sannan shi ma ya faɗa. Kyaftin ya ce, "Jirgi na hannuna."

Aka auno dawa, mai unguwa ya nuna gidajen da suka fi buƙata, mu muka yi dakon ƙwarya gida-gida. Matan ƙauyen suna leƙowa ta katanga suna dariya, wai yau ga masu jirgi da ƙwarya a ka. Da la'asar sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, dole muka kwana a zauren mai unguwa, sauro ya yi bikinsa a kanmu.

Washegari muka dawo Rogo mu huɗu, Inna ta cika mana buhu da gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Hanyar dawowa ta fi ta zuwa lalacewa, amma ni ban ji ramukan ba. Tun daga Karaye har Kano Kyaftin yake tsara musu wanda zai fara magana da wanda zai yi shiru, suna amsawa da to. Muka shiga gari ana kiran magariba.

Ranar Litinin manajojin suka ga mutum ɗaya ya shigo gaba, sauran na biye. Ba a samu duk abin da aka nema ba, batun alawus an ɗage shi sai bayan aikin hajji, kuma har yanzu ana ƙorafi a kansa. Amma hutun barci ya shiga yarjejeniya, aka janye dakatarwar gaba ɗaya.

Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne, mun daɗe muna zaton kamfani ne ya fi ƙarfinmu, ashe mu ne kowa ya ƙi ɗauke hannunsa. Na kuma koyi cewa in ka je neman abu wajen mutum, ka fara tambayar ko ya kwana lafiya. Da na koma gida ranar Litinin ɗin, matata na tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗago ta dube ni. Na ce mata ta nemo min jakar tafiya, jibi zan kai alhazai Jidda. Ta ajiye rariyar, ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe tana cewa alhamdulillahi.