Faifan da Baba Gwadabe Ya Sa Aka Yi

Ɗayyabu mai walda bai taɓa harba bindiga ba. Iyayensa suna cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tayar, amma shi kamun kifi da noman rani ba su shiga ransa ba, sai ƙarfe. A Dangora ya kafa rumfa yana gyaran garmar shanu da injin ban-ruwa. Bayan rumfar kuwa tarin tsofaffin ƙarafa ne da ba ya yarda a zubar.

Wata rana Baba Gwadabe, wani tsohon maharbi daga wajen Doguwa, ya zo ya zauna a bencinsa. Sai da suka gama gaisawa tsaf sannan ya ce, "Ɗana, abin gwada saiti nake so ka yi mini, amma mai ƙara. In na harbi kwali yanzu ba na hango hudar."

Ɗayyabu ya gane zancen. Idon tsohon ya fara rauni, 'ya'yansa sun matsa masa ya ajiye bindiga, shi kuma so yake kunnensa ya raba gardama.

Ya shiga tarin ƙarafan yana ƙwanƙwasa su da guduma ɗaya bayan ɗaya. Mai laushi zai huje, mai tsaga zai tarwatse. Daga ƙarshe ya zaɓi wani faifan haro, irin garmar da tarakta ke ja, mai kauri da doguwar amsawa. Ya toshe ramin tsakiyarsa, ya yi masa ƙafafu da bututu, ya rataye shi da sarƙar babur, fuskarsa a karkace ƙasa don kada harsashi ya dawo kan mai harbi. Ya shafa masa farin fenti.

Suka kai shi wani kwazazzabo a bayan gari, suka kafa shi gaban gaɓa. Tsohon ya ƙirga taku arba'in, ya ɗura, ya auna. Sau uku yana harbi, ƙura ce kawai ke tashi.

"Duba mini, ko gefe na taɓa?"

Ɗayyabu ya je. Fentin na nan fari fes. Ya daɗe a tsaye yana jin nauyin abin da zai faɗa, sannan ya dawo ya durƙusa.

"Baba, bai taɓa ba."

Tsohon ya shiga goge bakin bindigar da gefen rigarsa. Can ya ce, "In barewa ce, ta tafi abinta. To in mutum ne a kusa da ita fa?"

Bai sake shiga daji da bindiga ba.

Labarin faifan ya bazu cikin maharba, har daga Tudun Wada ake zuwa. Ɗayyabu ya yi sama da ashirin. Amma kafin ya miƙa wa kowa, sai ya tambaye shi inda zai kafa, da abin da ke bayan wurin: gona ce, ko hanyar masu kiwo? Mutum biyu sun kasa ba shi amsa, suka koma hannu wofi, har yau ɗayansu ba ya gaishe shi.